Fuskar Mai Gyaran Firij

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da abokan aikinki a cikin wannan jirgi naku. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwata da ba ta barina in hau matakalar shago sai na yi mata magiya. Innarki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko har yanzu teku na juya miki ciki. Mamanki ta leƙo mu shekaranjiya. Ƙanwar nan tawa sai ƙara ƙiba take yi, tana kuma rantsuwa wai tunaninki ne ke ramar da ita.

Ni dai har yau na kasa gane aikin nan naku. A ce mutum ya yi karatun kwamfuta, a ɗauke shi a kai shi tsakiyar ruwa gyaran wayar intanet da ke kwance a ƙarƙashin teku, sannan shi kansa ba zai samu intanet ɗin ba sai ran da aka ga dama aka buɗe masa layi! To, duk ran da aka buɗe, ga wasiƙar kawunki nan tana jiranki.

Albishirinki. Tsohuwar kwamfutar shago da kika sa wa sabon tsarin aikin nan, Linux, kafin ki tafi, wallahi kamar an sake mata jini. Da can sai in kunna ta, in share shago, in goge gilashin hotuna, in dawo in tarar tana nan tana tunani. Yanzu kafin in ja kujera ta tashi. Makon farko na yi miki faɗa a zuci ba adadi, don komai ya sauya wuri. Amma baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, shi ya kama ni. Ni da na tsufa ina wanke hoto a ɗaki mai duhu, ashe akwai wani ɗakin duhun da ban taɓa shiga ba. Darussan Python na koyon rubuta manhaja da kika bar min na wuce rabi. Jiya na rubuta 'yar manhaja ta gaishe ni, na ƙwala wa Innarki kira ta zo ta gani. Ta ce ita da take gaishe ni kullum tun muna da baƙin gashi ban taɓa kiran kowa ya zo kallo ba.

Ga kuma aikin da ya faɗo min. Kin tuna Malama, mai koyarwa a firamaren bayan shagona? Mijinta, mai gyaran firij ɗin nan da ya taɓa tayar mana da namu, Allah ya yi masa rasuwa bayan tafiyarki. Ya bar ta da 'yar yarinya da ko magana ba ta gama iyawa ba. Wayarsa ta lalace, sai ta kawo min memorin. Tana so in yi mata albam, da hoto ɗaya babba a firam wanda za ta rataye a falo, don yarinyar ta tashi tana ganin fuskar ubanta. Memorin ya sha wuya, sai ya kama ya saki. Da lallami na kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta, ina gamawa ya mutu murus. Na ce mata, "Malama, kwantar da hankalinki, na cece su."

Na buɗe jakar da na zuba hotunan a kwamfuta na bi su da ido a jere. Ɗaruruwa ne, amma bawan Allahn nan shi ke ɗauka, ba a ɗaukarsa. Firij, injin firij, matarsa, 'yarsa, firij kuma. Fuskarsa sai a hotunan rana guda kawai, ran da suka fita shan iska Malama ta karɓi wayar. Sunayen hotunan kuwa a hargitse suke, lambobi barkatai. Na ƙudurta zan rubuta manhajar da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta sa wa kowanne ranar da aka ɗauke shi a matsayin suna, su jeru da kansu. Aikina na farko na gaske ke nan. Ki yi min addu'a, ban da dariya.

Kawunki mai hoto.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ya gwiwar? Don Allah ka riƙa shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda kai ka ga ya dace ba. A gaishe min da Inna, a ce mata cikina ya saba, yanzu ni ce nake yi wa sababbin zuwa dariya. Mama kuwa ka bar ta, ko ina ɗakinta haka take cewa.

Wallahi wasiƙarka ta faranta min rai. Na karanta wa abokiyar ɗakina maganar Inna, ta yi dariya har da buga katako. Rabin darussa! Akwai waɗanda muka yi makaranta tare da ba su kai nan ba.

Allah ya jiƙan mai gyaran firij. Na tuna shi sama-sama, dogo haka, ko? Shawararka ta yi kyau, amma Kawu ka ji ni da kyau a nan. Kafin ka saki manhajar a kan hotunan nan, ka kwafe su gaba ɗaya a filash ka ajiye a aljihun tebur. Ka gwada ta a kan kwafi tukuna. Dalili kuwa, Linux ba ya tsayawa ya tambaye ka ko ka tabbata, yana ɗauka ka san abin da kake yi. Idan hotuna biyu suka samu suna ɗaya, na biyun zai hau kan na farkon ya maye wurinsa, ba gargaɗi, ba kwandon shara. Ka haɗa da awa da minti a cikin sunan, ba rana kaɗai ba.

An daɗe ba a buɗe mana layi ba, ban san tun yaushe taka take jira ba. Muna matsawa can ciki, wata wayar ta tsinke. Ka rubuto min yadda aka ƙare.

'Yarka.

*

Uwata,

Lafiya muke, in dai numfashi ake kira lafiya. Jinina ya hau, Innarki ta ɓoye min gishiri tana zaton shi ne. Ban gaya mata ba.

Wasiƙarki ta same ni bayan abin ya riga ya faru. Da na kai wurin da kika ce na biyun zai hau kan na farkon, sai da na tashi na rufe ƙofar shago da rana tsaka.

Na rubuta manhajar. Na karanta ta sama da ƙasa, ban ga kuskure ko ɗaya ba, har ina yaba kaina. Na danna. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba ta gama, ba ta yi ƙorafin komai ba. Na buɗe jakar, na ga sun jeru tsaf, rana bayan rana, gwanin sha'awa. Sai na lura jakar ta yi gajarta. Abin da nake jan linzamin kwamfuta ina ja kafin in kai ƙarshensa, yanzu ja biyu ya ƙare. Kowace rana hoto ɗaya ya rage, na ƙarshen da manhajar ta taɓa. Sauran duk sun tafi.

Na yi maza na nemi ranar da suka fita shan iska. Uwata, kin san abin da ya rage? Takalmin yarinyar, ƙafa ɗaya, a kan ciyawa. Shi ke nan. Sauran ranakun kuwa lambar bayan firij, wata waya da ta ƙone, bangon ɗaki. Na leƙa kwandon shara, wayam. Na sake gwada memorin, na hura shi, na goge shi da gefen riga, na sa a duk na'urar da ke shagon nan. Ko motsi.

Kwafi kuma ban yi ba. Ni da ban taɓa taɓa fim ɗin mutum ba sai na wanke hannu, na ɗauki abin da ya rage wa marainiya na yi gwajin karatu da shi.

Malama tana wucewa ta ƙofata kullum idan an tashi daga makaranta. Jiya ta tsaya ta ce, "Mai hoto, ba gaggawa nake maka ba, na dai leƙo ne." Na ce ana kan aiki. Ta ce firam ɗin ta fi son baƙi, don marigayin bai son ƙyale-ƙyale. Na ce to.

Ki gaya min akwai hanya. Na ji ana cewa abin da aka goge a kwamfuta ba ya tafiya nan take. Gaskiya ne? Me zan yi? Ina bakin allon nan ina jiranki.

Kawunki.

*

Kawu,

Kashe kwamfutar yanzu. Zare wayarta daga bango. Kada ka sake taɓa ta, kada ka gwada komai da kanka, ka jira ni. Za a rufe layi.

*

Uwata,

Ina fatan kina lafiya. Mu ma da sauƙi.

Na ga saƙonki. Ba gaisuwa, ba a gaida Inna, ba ko "sannu Kawu". Na karanta shi na sake karantawa. Na gane. Tsoho ya yi ɓarna, a karɓe abin daga hannunsa kada ya ƙara. Ban ce ba ki da gaskiya ba, amma ni na goya ki a wuyana kina ja min kunne, ban zaci ranar da za ki ce min "kada ka sake taɓawa" kamar yaron da ya fasa kofi za ta zo da wuri haka ba. Ya yi min zafi, gara in faɗa miki.

Na kashe ta kamar yadda kika ce. Ta kwana biyu a kashe, na rufe ta da ƙyalle. Amma jira har yaushe? Ke kina tsakiyar teku, ni kuwa matar nan ta ƙofata take bi safe da yamma. Na fara shiga bayan labulen ɗaukar hoto idan na ji ƙararrawar makaranta. Ni, da furfurata, ina ɓuya a shagona.

Don haka na kunna. Kada ranki ya ɓaci, ba da ka na yi ba, bincike na yi sosai. Na shiga dandalin masu amfani da Linux, mutanen kirki ne, wani ya ba da labarin irin abin da ya same ni. Akwai manhajar ceto da ke tono abin da aka goge. Na sauke ta, na sauke wasu biyu don ko da ɗaya ta ƙi. Kwamfutar ta ce akwai sababbin gyare-gyare masu yawa da ke jira, na ce ta ɗauke su duka don aikin ya tafi daidai. Manhajar ta tambaye ni inda za ta zuba abin da ta tono, na buɗe mata sabuwar jaka nan kusa da ta Malama, inda idona zai riƙa gani. Yanzu haka tana aiki, lambobi sai gudu suke, ta ce ta samo dubbai.

Kin ga ashe kawun naki bai gama lalacewa ba. In Allah ya so, kafin ki samu layi na gyara ɓarnata da hannuna.

Kawunki.

*

Uwata,

Shiru. Ko fushin ne har yanzu? Mamanki ma ta ce ba ta ji ki ba, ta fara sauraron labaran yanayi a rediyo tana salati. Ki yi wa Allah ki yi magana ko layi ɗaya ne, ko da irin wancan ne.

Manhajar ta gama. Ta tono hotunan fasfo na mutanen da na manta da su, da tambarin shago, da tarkace iri-iri. Na Malama kaɗan ne suka fito, su ma a yanke. Sama hoto, ƙasa toka. Akwai ɗaya na ranar shan iskan: ga sararin sama, ga bishiya, ga saman kansa har zuwa goshi, daga nan sai toka har ƙasa. Na zauna ina kallon goshin mutumin nan ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Na sake sa ta ta tono, na biyun ya fi na farko muni. Ban gane ba. Me nake yi ba daidai ba?

Abinci ba ya shiga. Innarki ta gane akwai magana, ta tsare ni a ɗaki, na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Cewa kawai ta yi, "Sai ka gaya wa matar mutane." Na ce sai na ji daga gare ki.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin komai. Lafiyata ƙalau. Iska ce ta taso mana, aka hana kowa layi sai na aikin jirgi. Na kira Mama ta ji muryata. Ya jikinka? Don girman Allah ka ci abinci.

Wasiƙunka biyu na tarar a tare, na karanta ina kuka a gaban mutane. Kawu, ni in yi maka kallon yaron da ya fasa kofi? Ranar nan a tsaye na karanta taka, ana cewa a tashi za a rufe. Na zaɓi abin da ya fi gaggawa na rubuta, na bar gaisuwa. Da na san haka za ka ɗauke shi, da na ƙara kalma biyu na faɗi dalili. Laifina ne.

Ga dalilin, ko da ya zo a makare. Idan hoto ya ɓace irin haka, yana nan kwance a ma'ajiyar kwamfuta, sunansa kawai aka cire, aka ce wurinsa fili ne, kowa na iya gini a kai. Duk abin da ka sauke, duk gyaran da ta ɗauka, a irin wannan filin ake zuba shi. Manhajar ceton kuma da ka ce ta zuba a cikin kwamfutar, tana tono hoto da hannu ɗaya tana binne wani da ɗayan. Shi ya sa na biyun ya fi muni. Ko ni ce a wurin, kashewa zan yi in cire ma'ajiyar in kai ta wata kwamfutar. Ba hannunka nake tsoro ba. Ba zan ɓoye maka ba, manyan hotunan nan da wuya su dawo.

Amma akwai abu ɗaya. Ka ce ka buɗe jakar ka bi su da ido a jere kafin abin ya faru. Duk lokacin da ka yi haka, kwamfutar tana yin ƙaramin kwafin kowane hoto don ta nuna maka da sauri, tana ajiye su a wata ɓoyayyiyar jaka. Manhajarka ba ta taɓa can ba. Ka kunna, kada ka buɗe intanet. Ka shiga babbar jakarka, ka ce ta nuna ɓoyayyun abubuwa, za ka ga masu ɗigo a farkon sunansu. Na rubuta maka hanyar dalla-dalla a ƙasan wasiƙar nan. Abin da ka tarar, ka kwafe shi a filash biyu kafin ka buɗe ko ɗaya. Biyu, Kawu.

Ƙanana ne sosai, kada ka sa rai da yawa. Ina nan ina addu'a.

'Yarka da ba ta taɓa raina ka ba.

*

Uwata,

Alhamdu lillahi da jin lafiyarki. Ni ne da neman afuwa, zuciya ce ta ɗebe ni, ga shi ta jawo abin da ta jawo. Na ci abinci, Innarki shaida ce, tana tsaye a kaina.

Suna nan! Na kwafe a filash biyu, ɗaya ma na ba Innarki ta ɓoye inda ni kaina ban sani ba. Na bi su ɗaya-ɗaya har na kai ranar. Yawanci daga nesa aka ɗauka, fuskarsa ba ta wuce ƙwayar wake ba. Amma akwai ɗaya da Malama ta matso kusa: yana riƙe da yarinyar, kumatunsu a haɗe, yana dariya. Shi ne, Uwata. Ga wushiryarsa, ga idonsa na hagu da ya ɗan fi na dama rufewa. Na yi hamdala da ƙarfi har mai shagon kusa ya leƙo.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Na buga shi, bai kai girman hoton fasfo ba. Da na ƙara masa girma kaɗan sai fuskar ta farfashe ta koma 'yan murabba'ai. Wannan ba zai hau bangon falo ba.

Yanzu ga abin da nake so ki ba ni shawara a kai. A dandalin nan aka nuna min wata manhaja, ita ma kyauta, wadda ke ɗaukar ƙaramin hoto ta cike abin da babu. A kan kwafi na gwada, kin ga na yi hankali. Abin da ya fito ya ba ni tsoro don kyau. Har gashin gira ana ƙirgawa. Na buga shi babba, na sa a baƙin firam, yana nan jingine a bayan kanta. Duk wanda ya gani zai ce a situdiyo aka ɗauka.

Amma ta rufe masa wushirya. Idanun ta daidaita su. Kamar shi ne, kamar kuma wani ƙaninsa da ya fi shi jin daɗin duniya. In na ba ta wannan da albam na ƙananan, in ce memorin ne ya lalata sauran, wa zai sani? Ita za ta samu abin ratayewa, yarinyar za ta samu uba a bango, ni kuma in riƙa buɗe ƙofata kamar kowa. Na san abin da Innarki za ta ce, shi ya sa ke nake tambaya. Malama ta ce za ta zo ƙarshen mako.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, na ji daɗi ka ci abinci. Layin yau ma gajere ne, amma wannan karon da gaisuwata.

Abin da na sani shi ne wannan. Manhajar ba ta san marigayin ba. Ta ga fuskokin mutane masu ɗimbin yawa, idan ta rasa abu sai ta ɗebo daga nasu ta cike. Girar da kake ƙirgawa ba tasa ba ce. Yarinyar kuma ba ta da wani hoton da za ta gwada da shi, duk abin da aka rataye mata shi za ta kira Baba har ta tsufa.

Sauran kuma ba zan koya maka ba. Ni sama-sama na san shi, kai ka sha hira da shi. Ina tsoron abin da Malama za ta ce maka, ina tsoron jininka, na kasa zama wuri ɗaya tun da na karanta. Da ina nan da na tsaya a gefenka, don da hannuna a ciki. Ko me ka yi, ka rubuto min a ranar.

'Yarka.

*

Uwata,

Muna lafiya. Na auna jinin da safe, bai sauka ba, bai kuma ƙaru ba. Innarki na gaishe ki.

Ta zo. Na shirya maganata tun a gida, na yi niyyar in fara gaya mata kafin ta ga komai. Sai wani ya shigo ɗaukar fasfo, na shiga da shi bayan labule. Ina fitowa na tarar da ita a tsaye da jakar littattafanta a kafaɗa, ta leƙa bayan kanta ta ga firam ɗin. Ban juya shi ba, mantawa na yi.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kai, mai hoto, ya yi kyau." Wallahi a lokacin nan da na yi shiru da shi ke nan, an wuce wurin. Sai ta ƙara matsawa, ta karkata kai. Ta ce, "Haka idonsa yake? Ni na ɗauka na hagun ya ɗan…" Ba ta ƙarasa ba. Ta dafe baki, hawaye ya zubo, ta ce, "Ka gani ko? Ko shekara bai yi ba har na fara manta kamanninsa. Wace irin mata ce ni?"

Uwata, hotona ta gaskata, ta ƙaryata idonta. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Na ce, "Malama, ba ki manta ba. Idonsa yadda kika sani haka yake. Wannan ba shi ba ne." Na ja mata kujera, ta ƙi zama. Na gaya mata komai daga farko, da manhajar da na rubuta, da kwafin da ban yi ba, da kashedin da kika yi min na ƙi ji, da ɓuyan da na riƙa yi mata. Ban ɗora wa memori ba. Tana ji ba ta katse ni ba. Da na gama ta nuna firam ɗin ba tare da ta kalle shi ba, ta ce, "Juya shi. Juya shi kafin ya zauna min a ido." Na juya shi ya fuskanci bango.

Na ɗauko ƙaramin na ɗora a kan gilashin kanta. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa shi. Ta ce, "Wannan shi ne." Ta tambaya ko zai ƙara girma, na ce a'a. Ta tambaya ko sauran za su dawo, na ce a'a. Ta ce, "Ranar nan na ɗauke shi ban san sau nawa ba, yana ta cewa in bari haka nan batir zai ƙare."

Na ce ta yafe min. Ta ce, "Ka ce min ka cece su, mai hoto. Na je gida na yi barci a ranar." Na ce haka ne. Ta ce, "Ba zan ce maka na yafe ba alhali ban yafe ba. Ba yau ba." Ban ga laifinta ba.

Ta kai bakin ƙofa ta dawo. Ta ce in yi wa ƙaramin firam, baƙi, daidai shi. Ta ce ƙasa-ƙasa za ta rataye shi, daidai tsayin yarinyar, tunda sai an matso ake ganinsa.

Babban na cire shi na yayyaga, na goge shi daga kwamfutar, wannan karon da sanina. Firam ɗin ƙaramin hoton kuma na yanka shi da hannuna, ban taɓa yin ƙarami kamarsa ba, sai da na sake kusurwa ɗaya. Yana nan a kan kanta na naɗe shi a takarda. Gobe za ta aiko a karɓa, ta ce ba za ta zo da kanta ba.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Kawunki.